Gwangwanaye Uku

Ranar da aka kawo firij daga Adum,
ƙarti huɗu suka sauke shi a ƙofar gidanmu a Aboabo,
yara na tsalle kamar an kawo ragon layya.
Ni kuwa ina tsaye da rasit a tafin hannu,
gumi ya jiƙa shi.
Zubin adashin shekara biyu ya koma farin akwati,
ɗan abin da ya rage a bakin zane shi ne jari.

Da shi na sayo gero mudu shida,
nono daga wata Bafulatana mai zuwa daga Ejura,
robobi ɗari, murafe ɗari da biyu,
littafi mai jan bango, da biro.
Na ja layi a tsakiyar shafi:
nan abin da ya shigo, can abin da ya fita,
har da ƙullin sukari.

Makon farko na zazzage kuɗi a kan tabarma,
na ce, Fuseina, kin haye!
Littafin ya dube ni, bai yi dariya ba.
Ina kuɗin keken da ya kai ki Kejetia?
Ina gawayi, ina ledar ɗauri,
ina robar da kika miƙa wa yaron mota kyauta?
Sidi arba'in da uku,
ita ce ribar da na ɗauka ta kai ɗari.

Daren nan na wanke gwangwanayen madara uku.
Na farko uwa ce,
kazar da ke ƙwai ba a kai ta tukunya.
Na biyu na wuta ne da haya,
da ranar da ban san sunanta ba tukuna.
Na uku nawa.
Ina biyan kaina kamar 'yar aiki,
sidi goma a wuni, babu ƙari.

Sai ga Sumaila da la'asar,
babur ya mutu a Asawase, yana neman ɗari biyu.
Uwa ɗaya muka sha.
Idonsa na kan gwangwanin farko, don ya fi nauyi,
na juye masa na uku, sittin da biyar.
Ya ƙirga sau biyu, ya tafi ba sallama.
Kafin isha'i gwaggo ta ji,
kafin Juma'a rowata ta zaga gari.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.
Na kuma ci gari da ruwa kwana shida
ina kallon uwar kuɗi a ƙarƙashin gado,
ita ma tana kallona, ba ta ce komai ba,
ba ta kuwa bar wuri.

Ranar da ban san sunanta ba ta zo ran Talata.
Aka ɗauke wuta, kwana biyu cur.
Firij ya yi shiru, nono ya kumbura,
roba sittin na tuttular a kwata da hannuna,
unguwa duk tsami.
Na zauna bakin rariya har aka kira azahar,
sannan na tashi na buɗe na biyu.
Ya sayi ƙanƙara, ya sayi sabon nono,
ya rage sidi huɗu da wani tsohon kwabo mai tsatsa.
Laraba ta wuce, Alhamis na koma sari.

Baba Issaka tela har yau yana sha bashi,
sunansa ya cika rabin shafi na tara.
Na ce masa gobe, ya ce in Allah ya so.
Na rubuta hakan ma.

Yanzu dare ya raba, firij na gurnani a zaure,
Sumaila ya aiko da gaisuwa ta bakin yaro.
Ina lasar yatsa, ina juya shafi.
Gero ya hau, roba ta hau,
amma layin nan ya ɗara layin can da kaɗan.
Gobe mudu bakwai zan jiƙa,
in tashi da wuri.